’Yan Sanda da ’Yan Jarida a Birtaniya: Haƙƙin Wanda Ake Magana a Kansa

Daga cikin hukumomin gwamnati babu wadda take riƙe da labarin da jama’a ke ƙishirwar ji kamar rundunar ’yan sanda, domin ita ce ke fara isa wurin da aka yi kisa ko fashi ko mummunan haɗari, ita ce ke ɗaukar bayanan shaidu, kuma ita ce ke sanin wanda ake zargi tun kafin wani alƙali ya ji sunansa. Su kuma ’yan jarida suna da abin da ’yan sanda ba su da shi, wato kunnen jama’a, wanda sai da shi ake kiran shaidu su fito, ake cigiyar yaron da ya ɓace, ake kuma kwantar da hankalin gari idan tsoro ya shige shi. Wannan buƙatar juna ce ta sa ake yawan ɗaukar al’amarin a matsayin ciniki tsakanin ɓangarori biyu, kowane yana neman ya sami abin da yake so ba tare da an cuce shi ba. Tarihin Birtaniya na shekaru arba’in da suka gabata ya nuna cewa akwai mutum na uku a cikin wannan ciniki, wanda ba ya zaune a wurin sa’ad da ake ƙulla shi, alhali kuwa sunansa da mutuncinsa ne ake miƙawa: wanda aka kama, ko wanda aka kashe masa ɗa, ko jama’ar unguwar da za a ɗora wa laifi. Da halin da wannan mutum ya shiga ya kamata a auna kyau ko munin kowace dangantaka tsakanin caji ofis da ɗakin labarai.

An kafa rundunar ’yan sandan birnin Landan a 1829 a ƙarƙashin Robert Peel, ministan harkokin cikin gida na lokacin, bisa tunanin cewa ɗan sanda yana aiki ne da yardar jama’a, kuma yarda ba ta samuwa a wurin mutanen da ba su san abin da ake yi da sunansu ba. Duk da haka sai a 1919 hedikwatar rundunar, wadda aka fi sani da Scotland Yard, ta buɗe ofishin hulɗa da manema labarai, kuma shekaru da dama bayan haka yawancin labaran laifuffuka suna fitowa ne daga hirar da ’yan sandan ciki ke yi da abokansu ’yan jarida a mashaya. Robert Mark, wanda ya shugabanci rundunar daga 1972 zuwa 1977, shi ne ya juya ƙa’idar, inda ya umarci jami’ansa su riƙa ba da bayani matuƙar babu wani dalili na shari’a ko na tsaro da ya hana, maimakon su riƙa ɓoyewa har sai an ba su izini. Shirin talabijin na BBC mai suna Crimewatch, wanda aka fara a 1984, ya nuna amfanin wannan buɗe ƙofa, domin ana sake kwatanta yadda laifi ya auku a gaban miliyoyin masu kallo, sa’an nan a nemi duk wanda ya ga wani abu ya buga waya. A yau kowace daga cikin rundunoni 43 na yankunan Ingila da Wales tana da nata ofishin yaɗa labarai.

Mafi munin abin da wannan amana ta haifar ya faru ne a filin wasa na Hillsborough da ke birnin Sheffield, ranar 15 ga Afrilu 1989, sa’ad da Liverpool ke karawa da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na gasar kofin hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Babban jami’in da ke jagorantar tsaro a ranar, David Duckenfield, ya ba da umarnin a buɗe wata babbar ƙofa domin rage cunkoso a waje, sai dubban magoya baya suka kwarara cikin wuraren tsayuwa da suka riga suka cika, aka matse mutane a jikin shingen ƙarfe. Mutum 96 suka rasu sanadin haka, kuma a 2021 aka ƙara da na 97, wanda ya shafe shekaru yana jinyar raunin da ya samu. Tun ana ɗauke gawarwaki, Duckenfield ya shaida wa shugabannin hukumar ƙwallo cewa magoya baya ne suka ɓalle ƙofar, maganar da ba gaskiya ba ce, kuma nan da nan ta bazu a kafafen yaɗa labarai. Kwana huɗu bayan haka jaridar The Sun ta cika shafinta na farko da zarge-zargen cewa magoya bayan Liverpool sun yi tatul da giya, sun yashe aljihun mamata, sun kuma far wa ’yan sandan da ke ƙoƙarin ceto, ta ɗora wa labarin kanun da ke cewa wannan ce gaskiyar lamarin. Daga baya aka gano cewa zarge-zargen sun biyo ta wani kamfanin dillancin labarai na Sheffield, wanda shi kuma ya samo su daga manyan jami’an rundunar Kudancin Yorkshire da wani ɗan majalisa na yankin.

Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansa shi ne tsawon rai da ƙaryar ta yi bayan an ƙaryata ta. Alƙali Peter Taylor, a rahotonsa na wucin gadi na watan Agusta 1989, ya bayyana cewa babban musabbabin bala’in shi ne gazawar ’yan sanda wajen sarrafa taron, amma wannan bai goge abin da mutane suka karanta a makon farko ba. Sai a Satumba 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya bankaɗo cewa an yi wa bayanan jami’ai 164 gyaran fuska, kuma a 116 daga cikinsu an cire kalaman da ke sukar rundunar. A Afrilu 2016 masu taya alƙali yanke hukunci a binciken musabbabin mutuwa suka tabbatar da cewa an kashe mutanen ne ba bisa doka ba, kuma magoya baya ba su da hannu a abin da ya faru. Shekara ashirin da bakwai ke nan iyaye da ’yan’uwa suna ɗauke da baƙin ciki biyu, na rashi da na ƙazafi, kuma wasunsu sun rasu kafin a wanke ’ya’yansu. Dalilin da ya sa ƙaryar ta kama ƙasa shi ne ta fito daga majiyar da ’yan jarida suka saba ɗauka ba sai an tantance ba. Maganar farko da ɗan sanda ya furta bayan aukuwar wani abu tana da nauyin da gyara na baya ba ya taɓa samu, musamman idan rundunar da ke ba da bayanin ita ce kuma ake tuhuma da sakaci, wanda a irin wannan hali ya wajaba a saurare ta kamar kowane ɓangare mai kare kansa.

Rikici na biyu ya fito da wata fuskar ta daban, wato kusancin da ke sa mai bincike ya ji nauyin wanda ya kamata ya bincika. A Janairu 2007 aka ɗaure Clive Goodman, editan labaran gidan sarauta na jaridar News of the World, tare da Glenn Mulcaire, mai binciken sirri da jaridar ke biya, saboda kutsen da suka yi cikin saƙonnin murya na wayoyin hadiman fadar sarauniya. ’Yan sanda sun ƙwace takardun Mulcaire masu ɗauke da dubban sunaye, amma suka taƙaita binciken, kuma da jaridar The Guardian ta sake tayar da maganar a Yuli 2009, mataimakin kwamishina John Yates ya sanar cikin sa’o’i kaɗan cewa babu dalilin sake buɗe shari’ar. Asiri ya tonu ne a Yuli 2011, sa’ad da aka bayyana cewa an yi kutse har cikin wayar wata yarinya ’yar shekara 13 da aka sace aka kashe a 2002. An rufe News of the World ranar 10 ga wannan wata bayan shekara 168 tana fitowa, kuma mako guda bayan haka kwamishinan ’yan sandan Landan, Paul Stephenson, ya ajiye aiki, Yates ya bi bayansa washegari, bayan ta fito fili cewa rundunar ta taɓa ɗaukar Neil Wallis, tsohon mataimakin edita a jaridar, aikin ba ta shawara kan hulɗa da jama’a.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin alƙali Brian Leveson, ita kuma rundunar Landan ta nemi Elizabeth Filkin, wadda ta taɓa zama mai sa ido kan ɗa’ar ’yan majalisa, ta duba yadda jami’anta ke mu’amala da ’yan jarida. Rahoton Filkin na Janairu 2012 ya gargaɗi jami’ai kan shaye-shaye da liyafa tare da manema labarai, ya kuma nemi a riƙa rubuta duk wata ganawa da aka yi da su. Leveson, wanda ya gabatar da nasa rahoton ranar 29 ga Nuwamba 2012, bai sami hujjar cewa cin hanci ya mamaye dangantakar ba, amma ya ga cewa jerin shawarwari marasa kyau da yawan cuɗanyar manyan jami’ai da shugabannin jaridu sun sa jama’a zargin an haɗa baki, kuma wannan zargi kaɗai ya isa ɓarna. Ya ba da shawarar a daina amfani da tsohuwar al’adar nan ta yi wa ɗan jarida raɗa a asirce ba tare da ƙa’ida ba, a maye gurbinta da nau’i biyu bayyanannu: bayanin fahimtarwa, wanda ake yi wa manema labarai domin su gane inda bincike ya dosa amma ba za su buga shi ba, da kuma bayanin da aka yi wa wa’adi, wanda za su buga bayan wani lokaci da aka amince da shi, kamar ranar da kotu ta yanke hukunci. A gefe guda kuma binciken da aka yi wa laƙabi da Elveden ya kai ga ɗaure wasu ’yan sanda da ma’aikatan gwamnati da suka sayar wa jaridu labari.

Batun da ya fi kowane ɗaukar zafi shi ne na bayyana sunan wanda aka kama amma ba a riga an tuhume shi ba. A ƙarshen Disamba 2010, bayan kisan wata matashiya a birnin Bristol, ’yan sanda suka tsare mai gidan da take haya, wani tsohon malamin makaranta, kuma cikin kwana uku jaridu suka cika shafukansu da hotunansa da shaci-faɗi a kan kamanninsa da halayensa. Bai aikata komai ba, domin wani maƙwabcin marigayiyar ne kotu ta samu da laifin a 2011. Jaridu takwas suka biya shi diyyar ɓata suna, aka kuma ci tarar Daily Mirror fam 50,000 da The Sun fam 18,000 bisa laifin raina kotu. Dokar raina kotu ta 1981 ta tanadi cewa daga lokacin da aka kama mutum shari’arsa ta fara aiki, saboda haka haramun ne a buga abin da zai iya gurɓata tunanin masu taya alƙali yanke hukunci. Leveson ya ba da shawarar kada ’yan sanda su riƙa fitar da sunan wanda aka kama sai a yanayi na musamman, kuma Kwalejin Aikin ’Yan Sanda ta sanya wannan cikin ƙa’idojinta a 2013, inda ake sanar da shekarun mutum da jinsinsa da yankinsa kawai har sai an tuhume shi.

Ƙa’idar ba ta hana rundunar Kudancin Yorkshire sake faɗawa cikin wani kuskuren ba. A Agusta 2014 ta sanar da wani wakilin BBC lokacin da za ta binciki gidan mawaƙi Cliff Richard da ke Berkshire, gidan talabijin ɗin kuwa ya aika jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki hoton jami’ai suna cikin aikin, aka nuna wa duniya. Ba a taɓa kama mawaƙin ba, balle a tuhume shi. Rundunar ta biya shi fam 400,000, kuma a Yuli 2018 babbar kotu ta umarci a biya shi diyyar fam 210,000 a ƙarar da ya shigar da BBC. A Fabrairu 2022 Kotun Ƙoli, a wata shari’a da ta shafi kamfanin labarai na Bloomberg, ta tabbatar da cewa wanda ake bincike a kansa yana da haƙƙin a rufa masa asiri kafin a tuhume shi, sai dai idan maslahar jama’a ta rinjaya. Editoci suna da hujja mai ƙarfi a kan wannan tsari, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba: kamun da babu wanda ya san da shi ƙofa ce ta zalunci, kuma akwai shari’o’in cin zarafi, irin ta mai gabatar da shirye-shirye Stuart Hall, da jin an kama mutum ya ƙarfafa wa wasu da ya cuta gwiwar fitowa. Amma wannan hujja tana neman a auna kowace shari’a ne a rubuta dalilin bayyana sunan, ba ta halatta a miƙa mutum ga kyamara domin runduna ta nuna tana aiki.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga mai karatu a Nijeriya, ƙasar da ta gaji tsarin ’yan sanda da na shari’a daga Birtaniya. Al’adar holen waɗanda ake zargi, inda ake jera su a harabar hedikwata da makamai a gabansu, kakakin runduna yana yi musu tambayoyi ana ɗauka a bidiyo, ta daɗe tana cin karo da sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Jihar Legas ta haramta wannan hole a gyaran da ta yi wa dokar gudanar da shari’ar laifuffuka a 2021. Wanda aka nuna fuskarsa a matsayin ɗan fashi, kotu ta sallame shi daga baya, zai koma unguwar da kowa ya ga bidiyon kamunsa, ba kowa ne ya ji labarin sallamarsa ba.

Gyaran da ya biyo bayan Leveson ya zo da nasa lahani, wanda aka ɗauki shekaru goma kafin a yarda da shi a hukumance. Jami’ai da dama sun fahimci sababbin ƙa’idojin a matsayin gargaɗin cewa duk wanda ya yi magana da ɗan jarida yana wasa da aikinsa, sai masu bincike suka daina ɗaukar waya, komai ya koma hannun ofishin yaɗa labarai da gajerun sanarwoyinsa, a daidai lokacin da ƙananan jaridun garuruwa, waɗanda wakilansu suka san caji ofis da kotun yankinsu, suke rufewa. Illar ta bayyana a Lancashire, inda wata mata ta ɓace a bakin kogin Wyre ranar 27 ga Janairu 2023. Tun farko ’yan sanda sun yi hasashen ta faɗa ruwa ne, hasashen da ya tabbata sa’ad da aka ga gawarta ranar 19 ga Fabrairu, kuma binciken musabbabin mutuwa ya nuna nutsewa ce ta tsautsayi. Amma a makonni ukun da ke tsakani masu ɗaukar bidiyo na TikTok da YouTube suka cika ƙauyen, suna leƙa gidajen mutane, suna ɗora wa danginta zargi. Da matsin ya yi yawa, sai rundunar ta fitar da bayanai kan lafiyar matar da rayuwarta ta cikin gida, abin da ya jawo mata suka har daga ministar harkokin cikin gida. Rahoton Kwalejin Aikin ’Yan Sanda na Nuwamba 2023 ya yaba wa aikin binciken kansa, amma ya ce fitar da waɗannan bayanai abu ne da za a iya kauce masa, da a ce tun da wuri an yi wa amintattun ’yan jarida bayanin fahimtarwa, ya kuma nemi a sake gina dangantakar da ta yi sanyi tsakanin ɓangarorin biyu. A nan ma wadda ta biya kuɗin shirun ita ce mutum na uku, matar da ba ta da bakin kare sirrinta.

Shekara guda da rabi bayan ɓacewar wannan mata aka ga yadda giɓin bayani ke iya kunna wa gari wuta. Ranar 29 ga Yuli 2024 wani matashi ɗan shekara 17 ya kashe ’yan mata ƙanana uku a wani ajin rawa a garin Southport, kuma saboda ƙarancin shekarunsa da dokar raina kotu, ’yan sandan Merseyside ba su faɗi abu mai yawa a kansa ba, in ban da cewa haifaffen Cardiff ne. Cikin sa’o’i aka ƙirƙiri wani suna na bogi a kafofin sada zumunta, aka yaɗa cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta jirgin ruwa. Washegari gungun masu tarzoma suka far wa masallacin garin, rikicin ya bazu zuwa wasu birane har da kai hari kan otal-otal da aka sauke masu neman mafaka. Ranar 1 ga Agusta alƙali ya ɗage takunkumin ɓoye sunan matashin, yana mai la’akari da yadda ɓoyewar ke ba masu yaɗa ƙarya dama. Da wata mota ta kutsa cikin masu murnar nasarar Liverpool a Mayu 2025, rundunar Merseyside ɗin ta sanar cikin sa’o’i kaɗan cewa wanda ta kama farar fata ne ɗan Birtaniya mai shekara 53, kuma a Agusta na shekarar majalisar shugabannin ’yan sanda da Kwalejin suka fitar da ƙa’idar wucin gadi da ta ba rundunoni damar bayyana ƙabila da ƙasar wanda aka tuhuma a manyan shari’o’i idan hakan zai daƙile jita-jita. Masu suka sun nuna haɗarin da ke ciki, wato da zarar an saba da sanarwar, duk ranar da ba a yi ta ba za a ce ana ɓoye wani abu, kuma ranar da wanda aka tuhuma ya kasance baƙo ko ɗan tsiraru, maƙwabtansa da masallacinsu ko cocinsu ne za su kwana cikin fargaba. Ƙa’idar ta bar wa kowace runduna yanke wannan shawara bayan ta tuntuɓi hukumar gabatar da ƙararraki, ta kuma bar tabbatar da matsayin mutum na shige da fice a hannun ma’aikatar harkokin cikin gida.